Hular da Ta Bushe a Kan Babana

Wankin hula ne sana'ar gidanmu a unguwar Kilomita Biyar ta birnin Bangui, kuma ba don ina so na shiga cikinta ba. Mijina ya rasu a hanyar Duwala, motar da yake ja ta kife da shi, na kwaso 'ya'yana mata biyu na dawo gaban Baba. Na tarar idonsa ya fara yana, hannunsa dai yana nan da ƙwarinsa. Sai muka raba aikin: ni ce mai wanki da sitaci da neman inda tabo yake, shi ne mai ɗora hula a katako ya gyara mata tsayuwa. Matan layinmu suka yi ta tsegumin mace a bakin bahon wankin hula. Na ƙyale su, don a cikinsu babu wadda ta taɓa aiko mana da ko kwanon garin rogo.

Hulunan mutanenmu ba su da rigima. Kube ce ko zanna ko dara, ka wanke, ka goge da buroshi, ka sa sitaci, ka kifa a katako, rana ta ƙarasa maka sauran. Mai rigima ita ce bere, hular nan mai faɗi ta sojoji. Sabuwar bere ba hula ba ce tukuna, faifai ce ta ulu mai gashi-gashi, da fata a bakinta da ɗan zare a ƙeya. Sai ka farke shafin cikinta, ka bi ta da reza ka aske gashin kaf, ka tsoma ta a ruwan ɗumi ka matse. Daga nan katako ba shi da amfani. A kan mai ita ake ɗora ta tana jiƙe, a ja gefe guda ya kwanta, ya zauna da ita har ta bushe. In ta bushe ta ɗauki kansa ke nan, duk wani tudu da kwarin da Allah ya yi masa yana cikinta. Na sha ganin ƙaton soja, wanda in ya daka tsawa a titi kowa ke darewa, zaune a kan kujerar tsakar gidanmu ƙarƙashin mangwaro, ruwa yana bin wuyansa, Baba yana ce masa kada ya motsa.

Akwai ja, akwai kore, akwai shuɗiya, kowane rukuni da tasa. Akwai kuma ta farar hula, baƙa mai ɗan wutsiya a tsakiyar kai, wadda tsofaffin malaman makaranta da ma'aikatan ofis suke sawa su yi ta tafiya da jarida a hammata. Ta cikin dilar gwanjo mai zaren roba kuwa Baba ba ya karɓa. Ya ce ko shekara za ta yi a kan mutum ba za ta san shi ba.

Abu ɗaya ne yake ba shi wahala. Yana saurayi ya yi ɗan zaman soja a can Najeriya, zamanin Turawan Ingila, kuma su can dama suke karya bere, alamar ƙarfen da ake maƙala mata ta zauna a hagu. A Bangui kuwa tsarin Faransa ake bi, alama a dama, a karya hular ta kwanta hagu. Ya fi shekara arba'in a garin nan, amma hannunsa bai yarda ba. Duk sanda zai karya wa soja hula sai ka ji yana gunaguni shi kaɗai, “Hagu, hagu.” Nakan ce masa, “Baba, hannun nan naka har yau bai karɓi takardar zama ɗan ƙasa ba.” Sai ya ce in rufe masa baki in kawo ruwan ɗumi.

Dokokinsa biyu ne, kuma tun ina yarinya nake jin su har sun ishe ni. Hular da aka kawo amana ce, ba ta barin gidan sai a hannun mai ita ko wanda ya aiko. Kuma mai wanki ba ya ɗora hular wani a kansa, ko da wasa. Ni da nake uwar 'ya'ya biyu na sha faɗa ranar da na ɗora wata dara a kan ɗankwalina don in ba yaran dariya. Kwana biyu bai amsa gaisuwata da kyau ba.

A cikin sojojin da ke zuwa akwai wanda muke kira Kaporal kawai, wato kofur. Kirista ne daga unguwar Miskine, dogo, mai ƙaton kai da ƙeya a shafe kamar an danna ta da tafin hannu. Sango, yaren ƙasar, yake yi da mu, sai ɗan Hausar kasuwa da yake jefawa don a yi dariya. Yana ce wa Baba Baba, ni kuma Yaya. Matarsa tana suyar makala, wato fanke, a bakin titi, kuma bai taɓa zuwa ba tare da ƙunshinsu a takarda don 'ya'yana ba. Jar hularsa a tsakar gidanmu ta bushe a kansa. Yini guda ya yi a kujerar nan yana shan shayi, yana ba mu labarin yadda uwarsa take cewa kansa ne ya kusa kashe ta ranar haihuwa.

Wata safiya ya kawo ta, fatar bakin ta tsage, gumi kuma ya ci ta. Ya cire alamar ƙarfen ya jefa a aljihu, ya miƙo mini hular.

“Yaya, a ɗinke, a wanke da ruwan sanyi kawai. Kada a ɓata mini kaina. Jibi zan zo.”

“Kan naka wa zai iya ɓata shi fiye da yadda yake?” na ce.

Ya fita yana dariya da wata tsohuwar hula a kansa. Washegari harbi ya tashi.

Wannan shi ne boren sojoji na uku a cikin 'yan watanni, kuma shi ne ya fi daɗewa. A na farko mun kwanta ƙarƙashin gado muna salati. A na biyu mun kwanta, amma ina lissafin miyar da na bari a wuta. A na uku ko tsoron ma ya gaji. Sai ka ji ƙarar bindiga ka tsaya ka saurara ko ta wajenku ce, in ba ta wajenku ba ce ka ci gaba da tankaɗe. Kasuwa ta buɗe yau ta rufe gobe. Kowace mararraba an gindaya tayoyi da benci an ce bariye ce, wato shingen bincike, wasu masu kaki, wasu ko takalmi babu, kowa yana tambayar takarda. Mutanen unguwar Kokoro suna wucewa ta ƙofarmu da katifa a ka, bayan kwana uku su dawo da ita. Babu mai kawo wankin hula. Wa zai damu da sitaci alhali bai san inda zai kai kansa ba?

Sojojin da suke da hula a wurinmu duk sun aiko an karɓa a kwanakin farko. Ta Kaporal kaɗai ta rage, a wanke, a ɗinke, tana kan kanta a naɗe cikin takarda. Na aika a gaya wa matarsa, aka ce ta kwashe yara ta tafi wajen danginta, ba a san ranar dawowarta ba. In ɗauka in kai Miskine da kaina kuwa, bariye nawa zan wuce da jar bere a cikin zane?

Sai aka fara bincike gida-gida. Duk wanda aka samu da kayan soja, ko dai yana ɓoye ɗan bore ko ya yi wawaso a bariki, amsar ba ta wuce biyun nan. Wani tela a Kokoro an tafi da shi saboda wandon kaki guda da aka ba shi ya rage wa tsawo, sati biyu iyalinsa ba su ji ɗuriyarsa ba. Mu kuwa duk unguwa ta san gidan da sojoji suke zuwa gyaran bere. Na duba rufi, na duba buhun gawayi, na duba gindin mangwaro. Duk inda na tuna, na ji labarin an taɓa tonawa a wani gida.

Na sami Baba a kan tabarma bayan azahar na ce, “Baba, zan ƙona hular nan.”

“Wace hula?”

“Ka san wadda nake nufi.”

“Ba taki ba ce, Uwata. Ba tawa ba ce.”

“To 'ya'yan nan na waye? In suka tafi da kai, ko suka tafi da ni, amanar ce za ta dafa musu abinci?”

Ya ci gaba da jan carbinsa. Na ce in ba a ƙona ba a jefa masai, ya ce wannan ya fi muni. Na ɗaga murya, abin da ban taɓa yi masa ba. Na ce masa mai hular ma wa ya san ko yana da rai, mu ne za mu mutu a kan tsumma. Ya ce, “Ya ce jibi zai zo. Jibin ne bai yi ba.” Na fita na bar shi, raina kamar ya fashe. Kwana uku muna haka, ina ba shi abinci ba na kallonsa.

A rana ta huɗu aka shiga layin bayanmu. Ina jin ana fasa akwatuna, wata mata tana kuka tana rantsuwa. A nan dabara ta zo mini, kuma har yau ban san ko in gode wa Allah a kanta ko in nemi gafara ba. Ina da ragowar garin baƙin rini da na saya don wani tsohon zane. Na je na durƙusa gaban Baba na ce ba zan ƙona ba, rina ta zan yi ta koma baƙa, in cusa fatar ciki, in ɗinka mata ɗan wutsiya, ta zama irin ta tsofaffin malamai.

“Za ta koma ja daga baya?”

“Ba za ta koma ba.”

“To kin ɓata ta.”

“Ɓatacciya dai tana nan, Baba. Ƙonanniya ba ta nan.”

Can ya ce, “Yi abin da za ki yi.”

Akwai abin da ban gaya masa ba, kuma na san ya sani, shi da ya koya mini. Rini ba ya kama ulu sai da ruwan zafi, ruwan zafi kuwa yana saki duk siffar da ke cikin bere, ya kuma tsuke ta. In ba a ɗora ta a kai tana jiƙe ba, za ta ƙanƙance ta zama abin da ko jariri ba zai sa ba. Na tafasa ruwa da gishiri, na zuba garin, na tsoma ta. Ina kallo jan yana mutuwa, ya koma kalar hanta, ya koma baƙi. Na tsamo ta na ɗauraye, na matse, na tsaya da ita a hannu a tsakar gida. Kaina yana da kitso, kuma mace da bere a gidan Bahaushe ita ma abin tambaya ce. Kai ɗaya ne a gidan da zai iya ɗaukarta.

Baba ya tashi ya lalubo kujerar da baƙi suke zama, ya zauna. Ya cire farar hularsa ya ɗora a gwiwa. Na ɗora masa ta Kaporal. Baƙin ruwa ya gangaro ta bayan kunnensa ya shiga farin gemunsa. Ya ɗaga hannu ya kama gefen hular, ya ja ta dama.

Na buɗe baki zan ce hagu, sai na ga abin da na manta da shi sarai. A gefen dama akwai ƙananan huji biyu inda alamar Kaporal take zama, rini bai rufe su ba, duk sojan da ya gani ya san mene ne. Karyar da Baba ya yi ta kwanto a kansu ta rufe su ruf. Na ja bakina na tsuke. Ban taɓa tambayarsa ko tsohon sabo ne ya ja hannunsa ko yatsunsa ne suka ji hujin ba. Ya zauna a nan har la'asar ta yi sanyi, bai sha ruwa ba, bai yi magana ba. Ni kuma na zubar da ruwan rinin a kwata na wanke tukunyar da toka.

Da hantsi washegari suka zo, su huɗu. Ban san na wane ɓangare ba ne, kuma a lokacin na daina ƙoƙarin sani. Suka kifar da bahuna, suka zazzage buhun gawayi, suka soka sanda a rufi, ɗaya ya yi ta shurin katakan hula kamar su suka yi masa laifi. 'Ya'yana suna maƙale a bayana. Baba yana zaune a tabarma da baƙar bere a kansa. Babbansu ya tsaya a gabansa ya ce da Sango, “Tsoho, an ce kai ne mai gyara wa sojoji bere. Ina suke?”

“Abin da ke gidan nan duk kana ganinsa,” in ji Baba.

Mutumin ya ƙura masa ido, sai ya tuntsire da dariya ya kira 'yan uwansa. “Ku zo ku gani! Mai gyara wa bariki guda hula, tasa a karkace ta baibai. Baba, ba nan ake karyawa ba. Kawo in gyara maka.”

Ya miƙa hannu. Baba da ba ya gani sosai ya cafke wuyan hannunsa a sama, bai matse ba, ya riƙe dai.

“Ɗana, a wurinmu ba a taɓa kan tsoho.”

Sai sojan ya zare hannunsa, ya sake wata 'yar dariya, ya ce tsofaffin Kilomita Biyar sai a bar su. Suka ɗauki rediyonmu da rabin kwalin sukari suka fita. Na zauna a ƙasa inda nake tsaye, ban iya ko kuka ba, gajiya ce kawai ta danne ni.

Baba ya ci gaba da sa ta har aka sasanta, don ba a san ranar da za su dawo ba. Ranar da kasuwa ta buɗe sosai ya cire ta, ya naɗe a takarda da kansa ya mayar kan kanta. Baƙin layin da ta bar masa a goshi ya yi makonni bai fita ba. Bai taɓa yi mini gori ba. Da ya yi, da na sami abin da zan mayar masa. Kullum dai in an yi sallama da muryar namiji a ƙofa sai ya ɗaga kai.

Ba namiji ne ya zo ba. Bayan wata huɗu, da yamma, matar Kaporal ta shigo cikin baƙaƙen kaya, ta rame har sai da ta yi magana na gane ta. Ta gaishe da Baba ta zauna a bakin tabarma. Ta ce an kashe shi tun satin farko, wajen bakin kogi, ba a sami gawa ba. Danginsa za su yi masa jana'iza a ƙauye duk da haka, za a sa wani abu nasa a akwati. Uwarsa ta ce ba ta son riga, ba ta son takalmi, jar hular take so, don ita ce ta san kan ɗanta. Ta ce ya gaya mata da bakinsa cewa hular tana wurin Baba, kuma abin da ke wurin Baba ba ya ɓata.

Na yunƙura zan tashi, Baba ya ce in zauna. Ya tashi da kansa ya lalubi bango har kanta, ya ɗauko ya buɗe takardar a gabanta. Ya gaya mata komai da Sango, tun daga binciken har rinin har kujerar. Bai ambaci sunana ba ko sau ɗaya. Cewa yake yi, na rina, na sa a kaina.

Ta karɓa ta juya ta. Ta taɓa ɗan wutsiyar da na ɗinka. Ta dunƙule hannu ta sa a ciki, tana lalube wajen ƙeya, inda ya kamata ta ji shafaffen wurin nan. Sannan ta kai ta hancinta ta daɗe.

“Wannan ba tashi ba ce,” ta ce a hankali. “Ƙanshin turarenka ne, Baba.”

Ta ajiye masa ita a cinya da hannu biyu, ta ce singila, wato ta gode, ta tashi. Na bi ta har ƙofa ina ta magana, ina cewa ni ce na rina ba shi ba, ina cewa yara, ina cewa telan Kokoro. Ta tsaya ta dube ni ta ce, “Na sani, Yaya. Ni ma ina da 'ya'ya.” Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Na koma ciki na tarar da Baba yadda ta bar shi, hannunsa a kan hular, yana cewa, “Uwarsa fa? Me za a ce wa uwarsa?”

Daga ranar bai sake karɓar bere ba. In soja ya zo sai ya ce idonsa ya mutu, ya nemi wani. Ya rasu bayan shekara biyu. In aka mayar da ni wannan rana zan sake tafasa ruwan, ba na ɓoyewa, 'ya'yana sun girma sun yi aure ina gani. Amma wannan bai taɓa sa na ji sanyi ba.

Hular tana wurina. Ba tawa ba ce da zan yar, mai ita bai zo ba, wadda ya aiko kuma ta ƙi ta. Sau uku tashin hankali ya kore ni daga gida tun daga lokacin, na bar tukwane, na bar keken ɗinki, ita dai tana ƙasan jaka. Wata rana na ɗora ruwa a wuta da niyyar in jiƙa ta ta saki siffar kan Baba, in sauke masa ita daga kansa, ko ya huta. Ruwan ya yi ɗumi, na tsaya da ita a hannu ina tunanin kan wa zan ɗora ta ta bushe. Sai na sauke tukunyar, na mayar da ita cikin takardarta.